Kati Biyu, Yarinya Ɗaya

Malumfashi,
Alhamis, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yar Hajiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan mota ta sauke ki Kaduna lafiya, kin kuma samu ɗakin yadda aka kwatanta miki, ba yadda dillalai suka saba yi wa baƙo ba. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aiki, Ya raba ki da sharrin mai sharri. Babanki yana gona ana karyar masara, bai san ina rubuta wannan ba.

Na cusa takardar nan a ƙasan jakarki, tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don na san ba za ki kai hannu can ba sai kin kwana biyu kin fara marmarin miyar gida. In ta ɗauki wari ki yi haƙuri, warin gidanku ne. Akwai 'yar ƙaramar ambulan a naɗe a ciki. Kada ki buɗe ta sai kin kai ƙarshe. Na san ki da ɗoki, tun kina ƙarama kike buɗe tukunya kafin a sauke.

Za ki ce, Umma da muke gida ɗaya, jibi ne ma tafiyar, ga waya a hannun kowa, me ya kawo takarda? Ai kin san ni. Shekara talatin na yi a ɗakin kati na asibiti ina rubuta sunayen mutane, hannuna ya fi bakina ƙarfin hali. Akwai maganar da in na ce zan faɗa miki ido da ido, sai in ƙare da tambayarki ko kin ɗauki bargo.

Shekaranjiya da hantsi ina tsintar wake a tsakar gida kika zo kika zauna a gefen tabarmata, abin da ba ki saba ba, kika buɗe kwamfutarki. Kika ce ga aikin da aka ɗauke ku ku yi, ke da abokan aikinki: manhajar da ƙananan asibitocin karkara za su riƙa ajiye bayanan marasa lafiya a cikinta, ba kati, ba fayil, ba kabad. Kika nuna mini shafin farko da kika tsara. Gurbi na ɗaya, cikakken suna, da ɗan jan tauraro a gefensa. Kika ce tauraron yana nufin in ba a cike ba, ba za ta bari a wuce gaba ba. Na biyu ranar haihuwa, na uku lambar waya, su ma da taurarinsu. Sai kika dube ni kika ce, "Umma, ke ce gwanar wannan harka, ya kika gani?"

Na ce ya yi kyau, Allah Ya sa albarka. Na ga fuskarki ta ɗan sauka, kin so in ƙara wani abu. Aikin yana da tsabta, na kuma yi alfahari da ke har na rasa inda zan sa idona sai cikin wake. Amma ban gaya miki duka gaskiya ba. Da na ga gurbin suna guda ɗaya tal, gabana ne ya faɗi, don na san abin da gurbi ɗaya ya taɓa yi. Ban san yaren da kuke yi wa na'ura magana da shi ba, ba kuma zan koya miki aikinki ba. Kurakuraina kawai nake da su, su zan ba ki guzuri. Zan fara da ƙananan, ko na samu ƙarfin kaiwa ga babban.

Kin tuna Malam Garba, dogon nan mai fensir a bayan kunne, wanda yake ba ki gyaɗa in kin zo hutu kin biyo ni wurin aiki? Shi ne shugaban ɗakin kati lokacin da aka ɗauke ni. Gaban kati na hukuma ne: suna, shekaru, gari, lamba. Bayan kati kuwa na Malam Garba ne. Da fensirinsa zai rubuta, "Ba ta ji sosai, a yi magana da ɗiyarta." Ko ya sa, "Ranar kasuwa kaɗai yake samun mota." Ko kuma, "Ana kiranta Lanti a gida." A ciki, a saman takardar likita, akwai abin da muke kira jan biro. In magani ya taɓa yi wa mutum illa, likita yakan rubuta da ja, manya-manya, yadda duk wanda ya buɗe sai ya gani.

Da aka kawo mana kwamfuta ta farko, ni aka tura Katsina kwas na mako biyu. Na dawo kaina ya kumbura kamar ni na ƙera ta. Aka ce a kwashe katunan duka a zuba a ciki. Gurabenta huɗu ne ko biyar, duk na gaban kati. Malam Garba, wanda saura masa 'yan watanni ya yi ritaya, ya tsaya a kaina ina bugawa, ya juya wani kati ya ce, "To Rabi, wanga na baya fa, ina za mu sa shi?" Na ce, "Malam, ai zamani ya wuce fensir." A gaban ƙananan ma'aikata na faɗa, suka kwashe da dariya. Ya mai da fensirinsa bayan kunne. Jan biron ma cewa na yi sai mun gama da sunaye mu dawo kansa. Muka ɗure katunan a buhunan masara muka jibge a sito.

Damina biyu aka yi. Rufin siton ya yi yoyo, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Ana nan wata rana aka kawo wuta da ƙarfi, kwamfutar ta yi ƙauri ta mutu. Wanda ya haɗa mana ita ya bar aikin, ba wanda ya san inda ya koma. Aka kawo sabuwa, ta fi ta da komai, amma ɗan faifan da muka kwafi bayanan a kai ta ce atafau ba ta san shi ba. Muka wayi gari ba tsuntsu ba tarko.

Na hau babur har gidan gonarsa a hanyar Musawa, na same shi yana ɗaurin dawa. Na durƙusa na gaya masa. Na shirya jin "ai na faɗa miki", bai faɗa ba. Ya sa aka dama mini fura, ya ce, "Gobe in Allah Ya yarda ina nan tafe." Mako uku ya yi yana zama a bakin tagarmu ta ba da kati, ba wanda ya sa shi. Duk wanda ya zo sai ya dube shi ya ce wannan ɗan gidan wane ne, a tambaye shi maganin da ya taɓa kumbura shi shekarun baya. Wasu ya tuna, wasu sun tafi ke nan. A ranar da na je gonar, da zan taso, ya shiga ɗaki ya fito da 'yar ambulan ya miƙo mini. Ita ce wadda ke hannunki yanzu, zan dawo kanta.

Don haka ranar da za ku kwashe bayanai daga tsohon wuri zuwa sabo, kuma za ku yi, ba sau ɗaya ba, ki tabbata jan biro ya tafi tare da suna a rana ɗaya. Kada ki yarda da "daga baya". Ki juya katin ki ga abin da mutanen wurin suka rubuta a inda ba a tanadar musu ba, don a nan suke gaya miki gurbin da kika manta. Ki bar musu fili, ko layi uku ne, da za su sa abin da ba ki hango ba. Tun ranar da kika fara gini kuma ki tambayi kanki: in wannan na'urar ta mutu, in ni na bar aikin, wanda zai zo bayana zai iya buɗe abin da na ajiye? A idona an yi kati, an yi kwamfutar tebur, an yi ta cinya, an yi waya, kowace ta zo sai a ce daga ita an gama. Taki ma za ta tsufa, 'yar Hajiya, wata yarinya za ta yi mata dariya. Mara lafiyar kuwa zai ci gaba da zuwa da ciwon da ya same shi tun zamanin kati.

Sai ranar haihuwa. Sabuwar kwamfutar tana da irin tauraronki, ba ta yarda a bar gurbi fanko ba. Mace za ta zo daga ƙauye in tambaye ta, ta ce, "Ni dai an ce ana cirar auduga aka haife ni, shekarar da rijiyar unguwarmu ta rufta." Amsa ce mai kyau, a garinsu kowa ya gane. Amma layi ya kai bakin ƙofa, rana tana yi, sai in dubi fuskarta in yanka mata shekaru, in buga ɗaya ga Janairu. Kafin a jima, rabin ƙauyukan da ke kewaye da mu rana ɗaya aka haife su. Har raha muke yi da abin.

Rahar ta ƙare ranar da mata biyu suka zo daga gari ɗaya, kowace Hauwa Musa, kowace na taɓa yanka mata ɗaya ga Janairu na shekara guda. Na'ura ta ɗauka mutum ɗaya ce. Ɗaya gwajin ciki ta yi, ɗayar na zazzaɓi. Na ɗaga murya ta taga kamar mai shela, na miƙa wa wadda ta fara amsawa takarda, har da ce mata barka, Allah Ya raba lafiya. Ashe mai gwajin zazzaɓin ce, ga uwar mijinta tsaye a bayanta. Mijin kuwa ya fi shekara yana kudu wurin nema. Ba zan manta yadda yarinyar nan ta dafa bango ba. Kafin azahar mun gano kuskuren, likita da kansa ya yi wa tsohuwar bayani, ni ma na rantse na kuma rantsewa. Amma magana zarar bunu ce, matan da ke layi sun riga su shiga motar garin.

Ki bar wa mutum damar cewa bai sani ba. In kika matsa wa ma'aikaci da tauraro, ba zai je ya samo miki gaskiya ba, zai cike da abin da ya zo hannunsa, kamar yadda na yi. Lambar waya ma ki yi hattara da ita. A gidaje da yawa waya ɗaya ce, tana aljihun maigida ko na wansa, ranar kasuwa tana wuni wurin mai caji. In manhajarki ta aika sakamakon mace ta nan, kin yi abin da na yi ta taga, sai dai ke ba za ki ga wadda ta dafa bango ba. Layi kuma yana ɓata, ana rufe shi, yana komawa hannun wani. Kafin in yi ritaya an zo da dangwala yatsa, aka ce wannan kam ba ya kuskure. Ki je bayan kaka ki dubi babban yatsan matar da ta yi wata guda tana murzar masara da hannu, ga lalle a kai. Na taɓa mai da wata dattijuwa rugarsu ba ta ga likita ba, bayan ta taho tun da sanyin safiya, don na'ura ta ƙi yatsanta sau biyar. Na ce mata ba laifina ba ne. Laifina ne, da biro da takarda a gabana.

Duk wannan ba za ki gan shi daga ofis mai sanyi ba. Ki roƙi shugabanku ya bar ki ki je ki zauna a bakin taga, ranar kasuwa, tsakiyar damina, lokacin da ba wuta ba sabis, ki ga abin da manhajarki za ta yi. Kada ki tsaya a kan likita da shugaban asibiti, su ba su ne ke shan layi ba. Ki nemi mai ba da kati, ki saya mata ƙosai, ki bar ta ta yi ƙorafi har ta gaji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ta ce miki ya yi kyau Allah Ya sa albarka, ki sake tambaya, kin ga dai yadda uwarki ma ta yi miki.

To, na yi ta kewaye-kewaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tabon da ke wuyanki da bayan hannuwanki, wanda kike rufewa da dogon hannu ko ana tsananin zafin bazara, mun ce miki ƙyanda ce. Ba ƙyanda ba ce.

Ke ce 'yar farina, kuma sunan mahaifiyar babanki aka sa miki, Hajiya ta Tsiga, Allah Ya jiƙanta. Kunya biyu ke nan a kaina. Yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. Sunan suruka kuwa ko a mafarki. Kina da wata bakwai kika yi tari, muka kawo ki asibitinmu. Gwaggonki ce ta goyo ki, ni ina biye kamar 'yar rakiya. Malam Garba yana taga, ya ɗauko sabon kati ya ce, "Sunan yarinya?" A Tsiga aka yi sunanki, bai je ba. Gwaggonki ita ma sunan uwarta ne, ba za ta faɗa ba, sai kallona take tana murmushi, ga layi yana jira. Na sunkuyar da kai na ce, "Talatu." Ranar Talata aka haife ki, ba ƙarya na yi ba, amma ba wanda ya taɓa kiranki haka, kafin ranar ko bayanta. Ya rubuta Talatu da sunan babanki, ya ba ki lamba.

Aka ba ki wani maganin ruwa. Kwana biyu jikinki ya yi ƙuraje, leɓɓanki suka kumbura. Likita ya ce a tsayar, ya ɗauki jan biro ya rubuta a katin Talatu kada a sake ba ta. Kin san maganin, shi ne wanda na sa kika haddace sunansa tun kina firamare. Katin nan kullum yana kabad na uku, a bayan kujerata. Ban san sau nawa na ɗauko shi don in gyara sunan ba. Biro yana hannuna, ba mai kallona. Sai in ji kamar Hajiya tana tsaye a kaina, in mayar in ce gobe.

Da aka yaye ki Hajiya ta zo ta tafi da ke Tsiga, kamar yadda aka saba, ta kuma riƙe ki. Ɗan ƙaramin katin da lambarki take kai yana cikin akwatina. Ranar nan ya kamata in ba ta shi, in zauna in ce, Hajiya, ga maganin da ba a ba yarinyar nan. Amma yaya zan tsaya gaban surukata ina lissafa mata yadda za ta kula da 'yar farina? Sai a ce ba ni da ta ido. Na shige ɗaki ina leƙenku ta labule har kuka fita. Na ce wa babanki ya gaya mata. Ya ce to. Lokacin shuka ne, maganar ta bi ruwa, ni kuma ban sake tambaya ba.

Kina shekara huɗu zazzaɓi da tari suka kama ki. Ni ina gidanmu a Funtua ina wankan jegon ƙaninki Sani. Hajiya ta ɗauko ki a mota ta kawo ki asibitinmu, ta ce ai nan uwarki take aiki, za a kula. Malam Garba ya tafi jana'iza ranar, wani sabon ma'aikaci ne a taga. Ya tambayi kati, ta ce babu. Ya tambayi suna, Hajiya ta faɗi naki na yanka da ƙarfinta, ai nata ne, wa zai hana ta. Ya duba akwatin sunaye bai ga mai wannan suna ba. Ya yi abin da aka koya masa, ya buɗe sabon kati fari tas. Likitan da ke aiki ranar ya buɗe bai ga ja ba, ya rubuta maganin nan.

Kwana uku bayan haka aka aiko Funtua. Na bar ruwan wanka a kan wuta na taho da jariri a baya. Na same ki fatarki tana saɓulewa kamar an zuba miki ruwan zafi, bakinki ba ya buɗuwa, idanunki sun manne. Kwana goma sha tara muka yi. Ranar nan kam na ɗauke ki a gaban kowa, ban ga kowa ba ma. Amma ko a lokacin, ina rungume da ke ina kuka, "ke, ke" kawai nake cewa.

Hajiya tana zaune a ƙasa bakin gado, ta ƙi ci ta ƙi sha, tana ta faɗin, "Ni na jawo ma ɗiyar nan. Mi ya hana ni tambayar kati? An ba ni amana na yi sakaci." Na san inda sakacin yake, na yi shiru. Har ta koma ga Allah tana ganin laifinta ne. Duk sanda ta shafa miki mai a wuya sai ta yi istigfari, na sha gani. Wannan ya fi komai ci mini rai, don ita ba ni da inda zan aika mata takarda.

Da na koma aiki na buɗe kabad na uku, sai na tarar an haɗa katunan biyu da fil. A bayan na Talatu an rubuta da fensir, "Yarinya ɗaya ce." Malam Garba bai taɓa yi mini maganar ba. Daga lokacin ne ya fara tambayar kowace uwa, a hankali yadda na baya ba za ta ji ba, "Da wane suna kuma ake kiran shi a gida? Wa ke riƙon shi?" In ya ga mace ta sunkuyar da kai sai ya ce, "Ɗan fari ne ko? To kira mini wadda ta rako ki." Abin da na kira zamanin fensir ke nan, a kanki aka ƙara wannan layin. Na daɗe ina gaya wa kaina son ci gaba ne ya sa na yi gaggawar ɗure katunan nan a buhu. Ba shi kaɗai ba ne. So nake in daina zama da kabad na uku a bayana. Shi kuwa ashe ya zare naki kafin a ɗaure buhun, ya tafi da su gida. Da ya miƙo mini a gona cewa ya yi, "Na ɗiyarki ne. Ran da kika iya, ki ba ta."

Yanzu ki koma ki dubi gurbinki. Mutumin ƙasar nan ba suna ɗaya gare shi ba. Akwai na yanka, akwai na rana, akwai wanda kaka ta laƙaba, akwai na makaranta, akwai wanda ake kiran mace da shi a gidan miji, kuma wanda za a faɗa miki ya danganta da wanda ya kawo shi. Ki buɗe wa dukkansu wuri, a nemi mutum da kowanne a same shi. Ki sa a rubuta wanda ya kawo shi da yadda suke. In manhajarki ta ga biyu sun yi kama, uba ɗaya, gari ɗaya, kada ta haɗe su da kanta kamar yadda aka yi wa su Hauwa, kada kuma ta yi gum kamar akwatinmu. Ta yi magana, mutum ya duba. In wani a ofishinku ya ce ai sai a wayar wa matan kai su daina kunya, ki ba shi labarina. Ni ma'aikaciyar asibiti ce, da biro a hannuna, ban iya ba. Ki gina abinki da sanin cewa matar da za ta sunkuyar da kai tana nan tafe, da ɗa mai zazzaɓi a bayan wata.

Ban ce kunya banza ce ba. Ita ta ba ki uwa biyu, kin kuma san yadda Hajiya ta riƙe ki. Amma da magana ta kai ga rai ya kamata in ajiye ta a bakin ƙofa, ban ajiye ba.

Akwai ranar da kin dawo hutu kina sakandare, na ji ki ta bayan ɗakin girki kina tambayar gwaggonki, "Wai Umma ba ta sona ne? Sani da Maryam tana kiran sunansu, ni sai ke." Ta yi dariya ta ce al'ada ce. Ni ina riƙe da muciya, tuwon ranar duk gudaji ya yi, babanki har ya yi ƙorafi. Ga amsar, ko da ta makara: ina sonki. A kanki na fara sanin yadda ake tsoro don wani. Duk riga mai dogon hannun da na ɗinka miki, ina ɗinkawa ne ina jin kamar a jikina tabon yake.

Ki yafe mini, don Allah. Ki kuma riƙa sa Hajiya a addu'a, ki roƙa mini gafararta inda addu'a take kaiwa. Babanki ya san magani ne, bai san da kati biyu ba. Zan gaya masa da bakina in an shigo da masara. In kin karanta wannan kika ji ba za ki iya kirana nan da nan ba, na gane, ba zan ce komai ba.

Sauran kin san su. Salla a kan lokaci. Ki ci abinci, kada ki wuni gaban kwamfuta da shayi. Duk likitan da kika je wurinsa ki faɗa masa sunan maganin nan kafin ya ɗauki biro, ko da manhajarki ce a gabansa. In kuma kika tarar da wani tsoho mai fensir a bayan kunne ana yi masa dariya, kada ki taya, ki jawo kujera kusa da shi.

Yanzu buɗe ambulan. Za ki ga kati biyu, sun yi ja-ja, fil ɗin ya yi tsatsa. Ki dubi na Talatu. Yau da safe, bayan kin fita sallama da ƙawayenki, na ɗauki jan biro na ja layi a kan sunan, na rubuta na gaskiya a samansa. Na kuma gwada faɗinsa a fili ni kaɗai a tsakar gida, kaji suka ɗago suna kallona. Bai fito da kyau ba, amma ya fito. In kin kira zan sake gwadawa.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya sa aikin hannunki ya zama sanadin lafiyar 'ya'yan mutane, Ya kiyaye ki daga kuskuren da ba ya gyaruwa. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mini da ke lafiya, Safiyya.

Mahaifiyarki,
Rabi.